Yunusa Mai Muryar Yarima

A Birnin Kudu, a 'yan shekarun baya, idan ka tsaya bakin babban titi ka tambayi Yunusa Dada, za a dube ka a ce wane Yunusan. Amma ka ce Yarima, ko mai sayar da rake zai nuna maka wani shagon cajin waya da baki. Can za ka tarar da wani siririn mutum mai ɗan gemu, zaune a kan benci yana ɓarar gyaɗa, wanda idan ka yi masa sallama sai ya miƙe tsaye kafin ya amsa. Babu abin da ya haɗa shi da sarauta sai maƙogwaro.

An haife shi a Kwarin Maje, wani ƙauye da ke bayan Maruta a ƙasar Gwaram, a gida mai ɗaki biyu da ya jingina da katangar gidan dagaci. Ubansa, Malam Dada, bafaden dagaci ne, aikinsa kuwa amsa gaisuwa. Dagaci ba ya buɗe baki don talaka ya ce masa ina kwana. Mutum zai cire takalmi, ya durƙusa, ya zuba gaisuwarsa, sai Malam Dada daga gefe ya ɗaga murya ya ce, "An gaishe ka, Dagaci ya amsa." Haka ya yi tun yana saurayi har haƙoransa suka zube. Ladan aikin shi ne gonar fadama da ke gangaren rafi, wadda gidan dagaci ya ara wa kakan Yunusa, ta daɗe a hannunsu har yara suka tashi suna tsammanin tasu ce. Ba tasu ba ce. Duk kaka ana ɗaukar buhun shinkafa na farko a kai ƙofar gidan dagaci, don kada wani ya manta.

Yunusa ya gaji muryar uban, amma bai gaji haƙurinsa ba. Tun yana firamare yake kwaikwayon mutane. Ya yi maka tarin liman, ya yi maka kiran mai fura, ya yi kukan bunsurun maƙwabta har akuya ta waiwayo. Wanda ya fi ƙwarewa a kansa shi ne Abdulsalami, babban ɗan dagaci. Shi Abdulsalami tun yana yaro yake tafiya kamar ya ɗauko ƙwai a ka. Ta hanci yake magana, a hankali, yana jan wutsiyar kowace kalma, kuma bai taɓa cewa "ni" ba, sai "mu". Ga wata ɗabi'a: ko tabarma ɗaya kuka kwana, idan kuka haɗu gaban mutane sai ya karkata kai, ya dube ka ta gefen ido, ya ce, "Ɗan gidan wa ne kai?" Yunusa ya sha wannan tambaya fiye da kowa, alhali katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma uwarsa, Inna Hajjo, ita ta yi rainon Abdulsalami ta goya shi a bayanta.

Da Malam Dada ya rasu, bayan sadakar arba'in, aka aiko daga gidan dagaci da rigarsa ta fada, wankakkiya a ninke, aka ajiye a ɗakin Hajjo. Ba a ce komai ba, ba a kuma buƙatar a ce. Yunusa ya dubi rigar ya dubi uwarsa, ya ce zai je Birnin Kudu ya karɓo sakamakon jarrabawarsa ta sakandare. Daga karɓo sakamako sai ya zama ɗan gari. Tsohon dagaci mutum ne mai kawaici, ya ɗauki wani ya sa a gurbin Dada, bai kuma tayar da maganar gona ba. Hajjo ta ci gaba da nomanta, Yunusa yana zuwa lokacin shuka da lokacin yanka, ya yi 'yan kwanaki ya koma. Ɗan farinta ne, don haka ba ta kama sunansa, ba sa doguwar hira. Gaisuwa, ya gajiya, ya mutanen birni, sai kowa ya kama fartanyarsa.

A Birnin Kudu ya samu aiki a shagon wani Zulkifli, rabi cajin waya, rabi tura finafinai. Zulkifli mutum ne mai hangen kasuwa. Wata rana ya ji Yunusa yana kwaikwayon wani direban tirela da ya yi faɗa da mai shayi, muryoyin biyu duka daga baki ɗaya, sai ya ajiye abin da yake yi.

"Fassarar Indiya 'yan Kano sun riga sun cinye," ya ce. "Amma katun ɗin Japan ɗin nan da samari ke kira anime, ban ga mai taɓa shi a nan ba. Kai kana da baki, ni ina da kwamfuta."

Suka toshe ɗakin baya da tsoffin katifu da kwalayen ƙwai don kada ƙarar titi ta shiga, suka rataye makirfo a jikin ƙusa. Ɗakin babu taga. Daga shi sai singileti Yunusa yake shiga, ya fito kamar an tsamo shi daga rijiya. Japananci ba ya ji, Turancin da ake rubutawa a ƙasan hoton kuma gudu yake yi kafin ya kamo shi, don haka rabi ya karanta, rabi ya dubi fuskokin ya sa musu maganar da ta dace da su. Shi ne dattijo, shi ne dodo, shi ne budurwa idan ya matse maƙogwaro.

Sun yi ƙanana babu laifi, sannan Zulkifli ya kawo wani mai dogon zango. Labarin wata masarauta ce da ke rataye a kan gajimare, mai takubban da ke aman wuta da dodanni masu fukafukai. Akwai ɗan manomi mai taurin kai da ya tsinci takobi a gona, Yunusa ya raɗa masa suna Buba, ya ba shi muryarsa ta kansa, wadda yake sayen tumatir da ita. Akwai kuma ɗan sarkin ƙasar, saurayi ne amma gashinsa fari fat har gadon baya, da tsinin haɓa, da safar hannu don kada ya taɓa abin da talaka ya taɓa. Wannan shi ne mugun labarin. Ya ƙone ƙauyuka, ya taka abincin mutane, kuma duk yana yi ba tare da rigarsa ta yamutse ba.

Yunusa ya gwada masa murya iri iri, babu wadda ta zauna. Ta ƙato ta yi masa nauyi, ta soja ta yi masa kaushi. Can aka zo wurin da ɗan sarkin ya tsaya a saman matakala, ya karkata kai, ya dubi Buba ta gefen ido. Kafin Yunusa ya yi shawara da zuciyarsa, maganar ta fito ta hanci, a hankali, tana jan wutsiya: "Ɗan gidan wa ne kai?"

Zulkifli ya yi dariya har ya zame daga kujera. Ya ce kada a canza ko numfashi.

Yunusa ya san abin da ya yi. Ya rarrashi kansa da cewa Kwarin Maje babu wuta, babu sabis sai an hau dutse, wa zai kalli katun a can. Ya manta da ranar kasuwar Sara, inda samarin ƙauyuka ke zuwa da memori a aljihu su koma da shi cike.

Yarima Mai Furfura, kamar yadda 'yan kallo suka sa masa, ya karɓu fiye da zato. 'Yan acaɓa suka riƙa tare juna da tambayarsa. Wani ya rubuta ta a bayan adaidaita sahu. Layin masu jiran sabon kashi ya riƙa kaiwa bakin kwata, Zulkifli ya ƙara benci. A cikin wannan albarka Yunusa ya kama ɗaki da falo, ya auri Munawwara, suka samu 'ya mace. Sunansa na yanka ya ɓace, kowa Yarima. Kuma gaskiyar magana, daɗi yake ji. Ba kuɗin ne ya fi yi masa daɗi ba. Duk lokacin da Buba ya tsaya gaban ɗan sarkin ya ce, "Kai ma tuwo kake ci kamar kowa," Yunusa da muryarsa ta gaskiya yake faɗa, a cikin ɗakin nan mai zafi, yana huce abin da ubansa ya haɗiye har ya koma ga Allah.

Ana cikin haka tsohon dagaci ya kwanta, ɓarin jikinsa ya shanye. Abdulsalami ya zama Wakili, komai na gari ya dawo hannunsa, har da gonakin gidan. Gab da faɗuwar damina aka yi wa Yunusa waya daga ƙauye, aka ce Wakili yana son ganinsa.

Ya hau motar Gwaram, ya sauka ya kama acaɓa. A zauren fada ya cire takalmi ya durƙusa ya yi gaisuwa, bafaden da aka sa a gurbin ubansa ya amsa masa. Wakili ya yi ƙiba, ya tara gemu, yana kishingiɗe da babbar waya a hannu. Ya ɗaga yatsa, kowa ya fita. Sannan ya karkata kai.

"Ɗan gidan wa ne kai?"

"Ɗan gidan Dada ne, ranka ya daɗe."

Wakili ya yi murmushi, abin da Yunusa bai taɓa gani a fuskar ba.

"Mun kalli aikinka. Tun daga na farko muka kalla, muna kuma maimaitawa."

"Wasan yara ne, ranka ya daɗe."

"Ba wasa ba ne. Yaron nan jinin sarauta ne, ya san kansa. Dubi yadda yake tsayuwa. Wasu marasa tunani wai shi ne bos, wanda za a kashe a ƙarshe. Muka ce ina aka taɓa yin fim ɗan sarki ya zama bos, ɗan manomi ya zama akta? Ai duk mai kunne ya ji muryar nan ya san wanda aka yi fim ɗin dominsa. Mun ji daɗi da ba ka manta gida ba."

Yunusa ya dubi tabarma.

"An ce mana saura kashi ɗaya," Wakili ya ci gaba. "Iyali sun kusa sauka. Ranar suna za mu sa a fito da talabijin ƙofar gida, jama'a su ga yadda Yarima zai yi da wannan fitsararren yaro. Kai za ka kawo da hannunka, kafin kowa ya gani." Ya shafa gemu. "Af, ya Inna Hajjo? Wani Alhaji ya zo daga Kano yana neman fadamar nan, wai zai kafa injin ban ruwa. Muka ce a dakata tukuna, sai bayan suna."

Har yau Yunusa bai sani ba, ko Wakili da gaske bai gane ba, ko kuwa ya fi kowa ganewa. Ko wanne ne, sakamakon ɗaya ne.

Domin shi Yunusa ya riga ya ga kashin ƙarshen tun kafin a fassara shi. A ciki takobin Yarima yake karyewa. Gashin nan mai sheƙi ya cuɗe da taɓo, ya faɗi a kan gwiwoyinsa, ya kifa goshi a ƙasa gaban Buba, yana kuka da majina, yana cewa shi ba kowa ba ne, a yafe masa. Buba yana tsaye a kansa da takobi, shi ma hawaye na zuba, daga baya ya miƙa hannu ya tashe shi. Wannan durƙuson ya cinye kusan rabin kashin. Tun ranar da ya gani Yunusa yake ɗokin yin sa, har ya tanadi irin shessheƙar da zai sa wa muryar.

Daga fada ya gangara fadama. Ya tarar da Hajjo ita kaɗai tana kaftu, ta ɗaure ƙugu da tsohon zani.

"Ka shiga wajen yaron nan?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Na shiga, Inna."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Gaisuwa ce."

Ta tsaya ta huta a kan ƙotar fartanya, tana kallon mangwaron da ke bakin rafi. Ta ce ubansa ne ya dasa shi shekarar da aka yi babbar ambaliya. Yunusa ya dubi tsohuwar ya dubi itacen, tausayi ya cika shi. Ya ce a ransa duk ranar da aka raba ta da ƙasar nan, an kashe ta. Ya karɓi fartanyar ya yi mata aiki har la'asar, bai gaya mata komai ba.

A Birnin Kudu suka zauna da Zulkifli suna juya maganar, duk ƙofar da suka taɓa a kulle take.

"Mu yanke wurin durƙuson," in ji Yunusa.

"Mu yanke me? In ka cire shi saura waƙar farko da sunayen Japanawa. Kuma akwai yaran da suka riga suka ga na asali."

"To mu yi biyu. Ɗaya na shago, ɗaya nasa."

"Kasuwar Sara ɗaya za a ci na shagon ya isa hannunsa. Lokacin ka yi masa laifi biyu."

"In canza muryar fa?"

"A kashin ƙarshe? Ai ka sanar da duniya ke nan cewa da gangan ka yi tun farko."

Yunusa ya ce to a ce kwamfuta ta ƙone. Zulkifli ya ce mutumin da ya iya kiran Alhaji daga Kano ba zai kasa aikawa a nemo masa katun ba. Ya ƙara da cewa shi dai shawararsa a yi gaskiya, abin da zai faru ya faru, amma fa ba gonar uwarsa ba ce, don haka bakinsa da sauƙi.

Kwanakin nan Yunusa ya rame. Munawwara ta sa masa tuwo ya tsakura ya ture. Ya shiga ɗakin katifu ya kunna wurin, ya mayar baya, ya sake kunnawa, babu sauti. Yarima ya faɗi, ya kifa goshi. Ya tashi da baya, ya sake faɗuwa. Yana cikin kallon goshin nan a kan ƙasa, dabara ta faɗo masa. Hoton ba ya canzuwa, amma baki nasa ne. Da ya fito ya gaya wa Zulkifli, Zulkifli ya dube shi ya ce, "Kai, Allah ya yi maka kai." Yunusa ma ya ji haka. Ya ɗauka ya samu hanyar da zai ɗaure Wakili da igiyar Wakilin.

Aka sauka lafiya, namiji. Ranar suna bayan la'asar aka kafa rumfa a ƙofar gidan dagaci, aka ɗora talabijin a kan tebur biyu, aka ja janareta bayan katanga. Kwarin Maje kaf ta fito, har da mutanen Maruta da suka zo barka. Maza a gaba, mata a tsaye daga bakin zaure, Hajjo a cikinsu. Wakili ya zauna a kujera mai hannu cikin shadda fara. Yunusa ya tsugunna kusa da tebur da rimot a hannu.

Aka gwabza faɗa a kan gajimare, jama'a na ta salati. Da takobin Yarima ya karye wurin ya yi tsit. Da ya faɗi a kan gwiwa, wani dattijo ya sunkuyar da kai, samari suka fara taɓa juna da gwiwar hannu. Babu wanda ya yarda ya dubi kujera mai hannu.

Sai muryar ta fito ta hanci, a hankali, babu rawa a cikinta.

"Mun karya takobinmu da kanmu, domin ba a yaƙar talakan gida. Ƙasar nan ta kakanninmu ce. Mun sa goshinmu a kanta don ta zama shaida. Kai ɗan manomi, mun ara maka ita. Ka noma ka ci, kai da 'ya'yanka da jikokinka, babu mai tashin ku. Waɗannan hawaye da ka gani, na tausayinku ne."

Buba yana tsaye da takobi, hawaye na zuba, ya buɗe baki. Muryar Yunusa ce, wadda kowa a wurin ya sani tun tana ƙarama.

"Godiya muke, ranka ya daɗe. Mun yi kuskure, ƙuruciya ce. Tashi kada ƙasa ta ɓata maka riga. Mu naka ne, mu da 'ya'yanmu, duk inda ka sa ƙafa nan za mu sa."

Wannan jimla ta ƙarshe Yunusa ya ƙara ta ne kawai don bakin Buba bai daina motsi ba, dole a cike wurin.

Buba ya miƙa hannu ya tashi Yarima. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, maroƙi ya kama kirari. Samarin da suka san na asali suka dubi Yunusa, wasu da dariya a ido, wasu da wani abu da ya fi dariya ciwo. Wakili ya miƙe tsaye, maroƙi ya yi shiru.

"Jama'a kun ji," ya ce. "Haka sarauta take. Mu ma ba za mu gaza ɗan'uwanmu na cikin fim ba. Fadamar da ke hannun gidan Dada, mun bar musu, su da 'ya'yansu da jikokinsu. A gaya wa Alhajin Kano ya nemi wani wuri."

Aka ɗauki kabbara. Yunusa ya durƙusa zai yi godiya. Wakili ya ɗaga hannu, bai gama ba.

"Kun kuma ji amsar da ɗan gidan Dada ya bayar da bakinsa. Ya ce su namu ne. To, mun karɓa. Muryar nan ba ta dace da ɗakin bayan shago ba. Daga gobe ya dawo gurbin ubansa. Iyalinsa a gyara musu ɗakin da ke jikin katanga."

Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Mutane suka yi ta zuwa suna kama hannun Yunusa suna taya shi murna, wai ya dawo gida da daraja. Ya yi ta cewa na gode, na gode. A gaban liman da gari guda, babu wata kalma da ta rage masa.

Washegari da hantsi ya gangara fadama. An yi yayyafi, ƙasa ta yi laushi. Hajjo ta riga shi zuwa. Ya gaishe ta, ya tsaya yana murza yatsu, yana son ko da abu ɗaya ne a cikin wannan ciniki ya ji daɗinsa.

"Inna, gona ta zauna. Kin ji da kunnenki."

"Na ji."

Ta ci gaba da sara. Can ta tsaya, ta share fuska da bakin zani, ta yi magana tana kallon rafi, ba shi ba.

"Ni da na ji Alhajin nan ya zo, har na fara haɗa kwanukana. Na ce to, Allah ya kawo ƙarshen abin nan, in tafi Birnin Kudu in zauna wajen jikata, in miƙe bayana. Tun rasuwar ubanka nake jiran su karɓi abinsu. Gonar da kake noma kana kai buhu kana durƙuso, me ke cikinta? Na ƙi mayar musu da kaina ne don kada ka ce na zubar da wahalar ubanka. Ina ganin yadda kake baro aikinka kana zuwa duk shekara."

Yunusa ya matso kusa da ita.

"Don ke nake zuwa, Inna. Me ya hana ki faɗa mini?"

"Yaushe muka fara irin wannan hira, ni da kai?"

Wani baƙin ciki ya taso masa, irin wanda babu wanda za a ɗora wa.

"To mu mayar musu," ya ce. "Yau ɗin nan."

"Kyautar da aka yi a gaban gari, liman ya shafa mata fatiha? Ka mayar ka gani. Ba mu kaɗai ba ne a garin nan, ƙannenka mata duk a nan suke aure." Ta gyara ɗaurin ƙugunta. "An gama, ɗan nan. Kai ka yi don ni, ni na yi don kai."

Daga saman gangare wani ya ƙwala kira, wai Wakili ya fito, baƙin suna na jiran yin sallama.

"Jeka," ta ce. "Kada ka fara da makara."

Ya wanke ƙafafunsa a rafi, ya sa takalmi, ya kama hanya. Da ya kai saman gangaren ya waiwayo. Ta riga ta sunkuya, hannu ɗaya a ƙugu, tana saran ƙasa.